Majami'ar ƙauye da baƙinta

Tsakanin Malumfashi da Ƙafur, a kudancin Jihar Katsina, akwai ƙauyukan da ake tashi da ƙarar ƙararrawa ranar Lahadi. A ɗaya daga cikinsu, ƙararrawar ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a jikin darbejiya. Majami'ar ginin ƙasa ce mai rufin kwano, maza na zama a gefe guda, mata a ɗayan, yara kuwa a kan tabarma gaban bagade. Mutanen Hausawa ne gaba da baya. Kakanninsu Maguzawa ne, kuma bishara ta iso yankin ta hannun mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Da Hausa ake komai, daga addu'ar buɗewa har albarka, tun da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932.

Kafin wa'azi, sakatare zai miƙe ya ce idan da baƙo a cikinmu ya tashi mu san shi. Baƙon zai faɗi sunansa da garinsu, a tafa masa, mata su rangaɗa guɗa. Ana yin haka a majami'un birni ma, sai dai a can sau da yawa maganar na ƙarewa da tafin. A nan, kafin a watse, wani magidanci ya riga ya riƙe hannun baƙon, don ba a barin mutum ya koma masauki da yunwa. Haka aka karɓi ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar gari, wanda ko gaisuwar Hausa bai iya ba. Haka kuma aka karɓi iyalan da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu. Su kam ba abincin rana ɗaya suke bukata ba. An ba su ɗaki, an ara musu gona, an sa 'ya'yansu a makarantar Lahadi, ba wanda ya tsaya tambayar ko 'yan wace ɗarika ne.

Nauyin wannan aiki yana wuyan Zumuntar Mata. A tsakiyar mako suke taruwa da ankonsu, suna kiɗan tulu suna waƙa, kowace ta zo da abin da ya sawwaƙa, mudun masara ko ƙullin daddawa ko sabulu. Su ne suka san wadda ta haihu, da wadda mijinta ya tafi cirani ya bar gida babu hatsi, da tsohuwar da ba a gani a benci ba mako biyu. Da yamma sai ka ga Mama Fasto da mata uku sun nufi gidan, suna sallama suna cewa, "Inna, ba mu gan ki ba, lafiya dai ko?" A ganina wannan tambayar ita ce ke riƙe da ikilisiyar, fiye da duk wani taron farkawa. Da damina matasa kan yi wa gwauraye gayya, da kaka kuma a kawo dammunan dawa da gero baikon godiya, a ware na marayu kafin a taɓa sauran.

Wannan hali yana da tushe. A ƙarshen shekarun 1930, a zangon kutare irin na Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, mutane da dama suka fara jin bishara, a lokacin da danginsu ma ke ƙyamar cin abinci da su. Jama'ar da ta san zafin wariya ba ta da hujjar rufe ƙofa. Har yau Bahaushe Kirista yana shan tambayar ko shi Bahaushe ne na gaske, wani lokaci ma daga bakin 'yan'uwansa Kirista na wasu yankuna. A ƙauyen dai maƙwabta Musulmi na aiko da naman layya, a mayar musu da shinkafar Kirsimeti, a kuma yi zaman makoki tare.

Inda nake da ja shi ne bencin baya. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko magidancin da burkutu ya fi ƙarfinsa, akan sa su ƙarƙashin horo, a mayar da su bencin baya, a hana su Jibin Ubangiji na wani lokaci. Horo yana da gurbinsa. Amma sau da yawa yarinyar ce ke ɗaukar kunyar ita kaɗai, wanda ya yi mata cikin yana yawonsa, ƙafar masu ziyara kuma ta ɗauke daga gidansu daidai lokacin da ta fi bukatarsu. Wasu daga nan suke sulalewa, ba a sake ganinsu.

Dattawan ikilisiya, ranar da kuka yanke wa mutum horo, ku naɗa wanda zai riƙa zuwa gidansa duk mako har ya dawo.