Yadda Ingila Ta Rage Mutuwa a Kan Titi

Mota abu ce mai amfani ƙwarai. Tafiyar da kakanninmu ke yi a kwana goma da jakuna, yau direba yakan yi ta a wuni guda. Amma motar nan tana cin rayuka da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a haɗarin hanya. Ta kuma ce daga ɗan shekara 5 zuwa ɗan shekara 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe su.

Wani zai ce, ai in motoci suka yi yawa tilas mutuwa ta ƙaru. To, bari mu duba labarin Birtaniya, ƙasar da muka saba kira Ingila, mu ga ko haka ne.

A shekarar 1966 mutum 7,985 suka mutu a titunan ƙasar. Amma a shekarar 2019 mutum 1,752 ne suka mutu, alhali kuwa motocinsu sun ninka na dā wajen sau uku. Yaya aka yi haka?

Hukuma ce ta yi ta kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya, tana kuwa hukunta mai karya su. Tun 1935 aka ce ba wanda zai fara tuƙi sai an jarraba shi, aka kuma hana gudu fiye da mil 30 a awa a cikin gari. A 1951 aka soma zana fari da baƙi a titi, kamar jikin jakin dawa, domin masu tafiya a ƙasa su sami wurin ƙetarewa. Duk da haka mutuwa ba ta daina ƙaruwa ba, sai aka ƙara ɗamara. A 1967 aka ba 'yan sanda na'urar da ke auna giya a numfashin direba. A 1973 aka tilasta wa mai babur sa hular kwano. A 1983 kuma aka ce direba da na kusa da shi su ɗaura bel. Bayan wannan, an gyara hanyoyi, an inganta ƙirar motoci, an kuma riƙa gaggauta kai masu rauni asibiti.

Me ya sa aka matsa wa gudu? Dalili shi ne, mota ba ta tsayawa nan take don an taka burki, sai ta ɗan ja gaba. In direba ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da za ta ja kafin ta tsaya zai ninka sau huɗu. Yaron da mota mai tafiya a hankali ta buge yakan tashi da rauni, amma wanda mai gudu ta buge da wuya ya rayu. Gaskiyar Hausawa da suka ce sauri ya kan haifi nawa.

Mu ma a Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, an kuma tilasta ɗaura bel a 2003. Sai dai doka ba ta aiki sai mutane sun bi ta, manya da yara.

Ga naku rabon, yara. Tun 1972 motocin ƙasarmu suka koma bin hannun dama, saboda haka motar da za ta fara isowa gare ku daga hagu take fitowa. In za ku ƙetare titi, ku tsaya, ku dubi hagu, ku dubi dama, ku sāke duban hagu. Kada ku fito daga bayan motar da ke tsaye. In babu gefen tafiya, ku bi ɓangaren da za ku riƙa fuskantar motoci masu zuwa. Ku kuma riƙe hannun ƙannenku.

Tambayoyi
1. Mutum nawa suka mutu a titunan Ingila a 1966?
2. Wace doka aka kafa a 1973?
3. Don me za ka fara duban hagu?