Koren Ruwan Madatsa da Lafiyar Hanta

Cikin hikimar Allah, ƙwayoyin halittar jikinmu suna da sinadarai iri biyu: kinas, wanda galibi ke kunna umarnin girma, da fosfatas, mai kashe shi. Nazarin wannan tsari ne ya samar wa Fischer da Krebs lambar Nobel a 1992. Idan fosfatas ya gaza, ƙwayoyin suna iya yin ta hayayyafa ba linzami, hanyar sankara ke nan.

Batun ya shafe mu a Binduri. Da rani, idan ruwan madatsa ya kwanta ya yi kore, wata gansakuka takan saki dafin maikurosistin, mai toshe fosfatas a hanta. Tafasawa ba ta karya shi. Saboda haka, iyaye, ruwan sha da na koko a ɗebo shi a burtsatse, ko da ya fi nisa.