Kogin Da Ya Sauko Ta Kan Shiba: Abin Da Muke Wucewa A Finafinan Indiya

A wani gidan kallo da ke garin Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, na sake kallon Baahubali, fassarar Hausa. Da aka zo wurin da Prabhas ya tumɓuke baƙin dutsen nan da uwarsa ke zuba wa ruwa, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi ƙarƙashin ruwan da ke kwararowa daga kan tsauni, sai ɗakin ya kaure da ihu da tafi. Wani yaro a gefena ya ce, "Kai jama'a, wannan ya fi Sarkin Ƙarfi!" wato Dharmendra. Na tambaye shi, to me ya sa ya kai dutsen ƙarƙashin ruwa? Ya dube ni ya ce, "Yaya, ai nuna ƙarfi ne kawai."

Ba ƙarfi ba ne kawai. Mu 'yan kallon Indiya muna da wata ɗabi'a tun zamanin kaset: da zarar an nuno ɗakin bauta, ko tsohon nan mai dogon gemu da tulin gashi, sai a ce "wuce nan, gumaka ne," a matsa gaba zuwa waƙa ko faɗa. Matsalar ita ce sau da yawa a wurin da muka wuce ɗin nan darakta ya ɓoye mabuɗin fim ɗin gaba ɗaya.

Dutsen nan sunansa lingam, alama ce ta Shiba, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar mabiya addinin Hindu. Ruwan da ke zuba a kansa kuma ishara ce ga tatsuniyar saukowar kogin Ganga, wadda tana cikin littafinsu na Ramayana, kuma yaran Indiya sun san ta kamar yadda muka san Gizo da Ƙoƙi.

Ga yadda suke ba da ita. Wai an yi wani sarki mai suna Sagara, yana da 'ya'ya maza 60,000. Ya saki doki don wata hidimar sarauta, sai Indra, sarkin ababen bautarsu na sama, ya ji tsoron kada mulkin Sagara ya fi nasa, ya sace dokin ya ɗaure shi kusa da wani tsohon mai halwa, Kapila. Irin waɗannan tsofaffi su ake kira rishi, masu ilimi da gudun duniya. 'Ya'yan sarki suka yi ta haƙa ƙasa suna nema har suka iske dokin, suka afka wa tsoho da zagi, wai shi ne ɓarawo. Ya buɗe ido sau ɗaya, duk suka zama toka. Aka ce babu abin da zai wanke su sai ruwan Ganga, ita kuwa a lokacin tana sama.

Jikan Sagara ya gwada, ɗan jikan ya gwada, ba su dace ba. Sai aka zo kan Bagirata, wanda ya bar gadon sarauta ya hau duwatsun Himalaya ya yi ta azumi da halwa shekara da shekaru, har aka amince Ganga ta sauko. To amma in ta faɗo kai tsaye za ta farfasa duniya. Nan Shiba ya tsaya ya tare ta da kansa. Ita kuma da girman kai ta zubo da niyyar ta yi awon gaba da shi, sai ta ɓace cikin ƙullin gashinsa, ta rasa hanyar fita, sai da Bagirata ya sake roƙo kafin Shiba ya sake ta kaɗan-kaɗan. A hanya ma ba ta bar rigima ba: ta mamaye wurin ibadar wani rishi mai suna Janu, ya fusata ya shanye ta tas, daga baya ya huce ya fito da ita ta kunnensa. Shi ya sa ake mata laƙabi da 'yar Janu. In ka ji sunan jaruma Janhvi Kapoor, 'yar marigayiya Sridevi, to asalin sunan ke nan. A ƙarshe ruwan ya isa ga tokar nan a bakin teku, wurin da har yau ake kira Ganga Sagar, inda ake taruwa wanka kowane watan Janairu.

Malamansu ba sa tsayawa a kan labarin, fassara shi suke yi. Toka ita ce makomar mai gaggawar zargi da raina na gaba. Bagirata shi ne naci, har a harshen Hindi in mutum ya yi wani jan aiki sai a ce ya yi ƙoƙarin Bagirata. Ruwan kuwa ilimi ne ko rahama, wanda in ya zo wa mutum gaba ɗaya ba tare da mai tare shi ba, hallaka shi zai yi. Wannan shi ne imaninsu, ba namu ba, amma duk wanda ya tashi a bakin Neja ya ga yadda ambaliya ke cinye gonar shinkafa cikin dare ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ruwan da ba shi da linzami ba.

Yanzu koma ga Baahubali na darakta S.S. Rajamouli, wanda ya fito a 2015. Sunan yaron ma Shiba ne, a kogi aka tsince shi, kuma waƙar da ke tashi lokacin da ya ɗauki dutsen tana ɗauke da baitocin wani tsohon yabon Shiba da ke siffanta ruwa yana gangarowa ta gashinsa. Wato tun kafin a faɗa maka ɗan sarki ne, an riga an faɗa wa ɗan kallon Indiya cewa wannan yaro ba gama-gari ba ne. Mu kuwa muna tafa wa damtse.

Fim ɗin da ya fi kowanne cin wannan tatsuniya, a ganina, shi ne Ram Teri Ganga Maili na 1985, na ƙarshe da Raj Kapoor ya ba da umarni. Iyayenmu da yayyenmu sun san shi, kuma gaskiya yawanci ba don alheri ake tuna shi ba, saboda shigar da Mandakini ta yi. Amma dubi ginin labarin. Sunan yarinyar Ganga, 'yar Gangotri ce, can kan tsauni inda kogin ya faro garau. Ta ɗauko jaririnta ta biyo hanyar kogin tana neman mijinta, Rajiv Kapoor, har birnin Kalkata. Duk garin da ta sauka sai an cuce ta, har da mai rigar addini, a Banaras kuma aka kai ta gidan masu rawa da waƙa. Yarinyar na ƙazantuwa a idon mutane daidai yadda kogin ke ƙazantuwa da dattin birane. Ma'anar sunan fim ɗin ma ke nan, ana kai wa Ram ƙara cewa Gangarsa ta yi dauɗa. A 1986 gwamnatin Rajiv Gandhi ta ƙaddamar da shirin tsabtace kogin a Banaras ɗin.

Akwai wani abu da ya sa labarin ya taɓa ni a nan gida. Reshen Ganga na farko ana kiransa Bagirati, don tunawa da sarkin nan mai naci. A kansa Indiya ta gina madatsar Tehri, mai tsawon mita 260, wadda ta fara ba da lantarki a 2006, kuma tafkinta ya haɗiye tsohon garin Tehri ɗungurungum. Wani dattijo mai rajin kare daji, Sunderlal Bahuguna, ya sha yin yajin cin abinci don hana ginin. Masu irin ra'ayinsa suna cewa gashin Shiba ba komai ba ne illa dazuzzukan Himalaya, su ne ke tare ruwa su sake shi a hankali. Mu ma a 1968 aka kammala madatsar Kainji, tsohuwar Bussa ta nutse, aka tashi sama da mutum 40,000, ciki har da Gungawan da ke zaune a tsibiran ƙasar Yawuri. Har yau in ka zauna da tsofaffi a bakin tafki za su nuna maka saitin wani wuri a tsakiyar ruwa su ce can garinsu yake.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne 'yan fim ɗinmu. Shekaru muna kwafar rawa da waƙa da kukan uwa daga Indiya, wani lokaci har da karin waƙar da ba mu bincika ko ta ɗakin bauta ba ce. Amma ba mu kwafi dabarar da ta riƙe finafinan nasu ba, wato mutum ya ɗauki kogin garinsu da labaran kakanninsa ya gina fim a kai. Ga Sarkawa da jiragensu, ga wasan Rigata na Yawuri, ga garuruwa a ƙarƙashin ruwa, furodusa kuma yana can yana neman lambun da za a yi zagayen bishiya.

Da aka tashi daga kallo na ba yaron nan labarin Bagirata a taƙaice, muna tafe zuwa bakin kasuwa. Ya yi shiru, can sai ya ce, "To Yaya, shi wanda ya sace dokin fa, me aka yi masa?" Na ce babu komai, yana nan a kan kujerarsa.