Abubuwan da ya kamata ka sani game da Agnes Moorehead, gwanar wasan kwaikwayon rediyo a Amurka

Kafin talabijin ya mamaye gidajen Amurka, rediyo ne ke tara iyali da daddare. Daga shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1950, manyan tashoshi irin su NBC da CBS sun riƙa watsa wasannin kwaikwayo kusan kullum: na soyayya, na barkwanci, na 'yan sandan ciki, da na ban tsoro. A cikin 'yan wasan wannan zamani da wuya a samu wadda ta kai Agnes Moorehead iya sarrafa murya. Yawancin masu tunawa da ita a yau wani shirin barkwanci na talabijin suke tunawa, inda ta fito a matsayin mayya. A ganina an rage mata hakkinta, domin a rediyo ne ta yi aikin da ya fi kowanne nauyi.

'Yar fasto, malamar makaranta

An haife ta ranar 6 ga Disamba, 1900, a garin Clinton na jihar Massachusetts. Mahaifinta fasto ne a cocin Presbyterian, mahaifiyarta kuma ta taɓa zama mawaƙiya. Ta girma a St. Louis. Ta gama Kwalejin Muskingum da ke Ohio a 1923 da digiri a fannin nazarin halittu, ta yi koyarwa na wasu shekaru a wani ƙaramin gari a Wisconsin, sannan ta tafi New York makarantar koyon wasan kwaikwayo. Ta kammala a 1929, shekarar da kasuwar hannun jari ta rushe, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Gidajen wasa na dandali suka yi ta rufewa. Ta sha fama da rashin aiki har rediyo ya buɗe mata ƙofa.

Yadda ake aikin a wancan lokaci

Sai ka san yanayin sana'ar za ka gane girman abin da ta yi. Yawancin shirye-shiryen kai tsaye ake watsa su. 'Yan wasa na tsaye a gaban makirufo, kowa da takardar wasa a hannu, suna juya shafi a hankali kada ƙarar takarda ta shiga iska. A gefe ga mai haɗa sauti da tarkacensa: 'yar ƙofa da ake buɗewa a rufe, takalma don takun tafiya, ƙararrawar tarho. Daraktan yana bayan gilashi yana magana da hannu, idonsa a kan agogo. In harshenka ya zame, miliyoyin mutane sun riga sun ji, babu damar gyara. Saboda bambancin sa'o'i uku tsakanin gabashin ƙasar da yammacinta, sau da yawa akan yi wasa ɗaya sau biyu a dare guda.

Ba a ganin fuska, don haka kyau ba ya ceton kowa. Shekarun wanda ake kwaikwaya, da arzikinsa ko talaucinsa, da ko ƙarya yake yi, duk a murya za a ji su. Mai iya muryoyi da yawa shi ne kasuwarsa ke ci, kuma Moorehead na cikin irinsu: ta yi budurwa, ta yi tsohuwa, ta yi attajira, ta yi 'yar aiki. A shirin March of Time, wanda ke mayar da labaran mako wasan kwaikwayo, ita ke kwaikwayon muryar Eleanor Roosevelt, uwargidan shugaban ƙasa. Duk wanda ya tashi da sauraron wasan kwaikwayo a gidajen rediyonmu ya san wannan: murya ɗaya takan gina gida da tsakar gida da mutanen cikinsa a cikin kan mai sauraro.

Ita da Orson Welles

A wannan fage ta haɗu da Orson Welles, matashin da ta girma da kusan shekara 15. A 1937 suka jagoranci shirin The Shadow, shi yana fitowa a matsayin jarumin da ke farautar miyagu, ita kuma abokiyar sirrinsa Margo Lane. Da ya kawo ƙungiyarsa ta Mercury rediyon CBS a 1938, tana cikin ginshiƙanta tun daga wasan farko, wato Dracula.

Welles ya tafi da ita Hollywood. A fim ɗinsa Citizen Kane na 1941 ta fito a matsayin mahaifiyar jarumin, a wani fage na 'yan mintoci kawai. Uwa ce da ke sa hannu a takardar miƙa ɗanta ƙarami ga wani ma'aikacin banki ya rene shi. Fuskarta a ɗaure take, ba hawaye. Sai ta je taga ta ƙwala wa yaron kira yana wasa a cikin dusar ƙanƙara, kuma a wannan kiran ne kake jin abin da take dannewa. Tarbiyyar rediyo ce ta bayyana a nan. Tana da shekara 40, kuma wannan ne fim ɗinta na farko.

Rabin sa'ar da ta kafa sunanta

Ranar 25 ga Mayu, 1943, shirin Suspense na CBS ya watsa wani wasa da Lucille Fletcher ta rubuta mai suna Sorry, Wrong Number, wato abin da mutum kan ce idan kira ya faɗa lambar da ba ita ba. Moorehead ta fito a matsayin Misis Stevenson, mace marar lafiya da ke kwance ita kaɗai a gida a New York, ba abin da hannunta ke kaiwa sai tarho. Tana neman ofishin mijinta, layi ya sarƙe, sai ta tsinci hirar wasu maza biyu suna shirya kashe wata mata da ƙarfe sha ɗaya da kwata na dare, daidai lokacin da jirgin ƙasa zai ratsa gada, don ƙararsa ta danne ihu.

Daga nan sai kira bayan kira. Mai haɗa layi ta ce ba hurumi gare ta ba. Shugabarta ma haka. Ɗan sanda ya ce garin da faɗi, ba zai iya komai da wannan bayani ba. Saƙon waya ya iso cewa mijin ya yi tafiya, ba zai kwana a gida ba. A hankali ta fara lura cewa gidanta ma kusa da gada yake. Sannan ta ji an ɗaga ɗaya kan tarhon a ƙasan bene.

Abin da ya fi burge ni shi ne Moorehead ba ta nemi a tausaya wa matar nan tun da farko ba. Ta fara da murya ta isa da tsiwa, irin ta wadda ta saba ba da umarni, har mai sauraro ya ji haushinta kamar yadda masu amsa kiran suka ji. Sai isar ta riƙa zubewa kaɗan-kaɗan, numfashi ya gajarta, kalmomi suka fara cin karo da juna, har aka kai ga magiya. Kafin ka farga ka koma bayanta, kuma ka gane kai ma ka yi mata abin da sauran suka yi. Kusan rabin sa'a ita ke ɗauke da wasan. Ba a kuma ceto ta ba: jirgi ya wuce, ɗan sanda ya amsa kiran da ta yi, wanda ya kashe ta ya ɗauki kan tarhon ya ce an yi kuskuren lamba. A zamanin da aka saba mugu ya sha hukunci kafin a rufe shiri, wannan ƙarshe ya girgiza jama'a.

Masu sauraro suka yi ta neman a maimaita. Sau takwas ta yi wasan a Suspense, na ƙarshe a 1960. Amma da aka mayar da shi fim a 1948, Barbara Stanwyck aka ba matsayin, saboda ita ce sunanta ke cika sinima. Irin wannan ya bi Moorehead tsawon rayuwarta: a rediyo ita ce kan gaba, a fim kuma gwaggo ce, ko uwa, ko mai aikin gida.

Fim da talabijin

Duk da haka sau huɗu aka sa sunanta a takarar Oscar ta mataimakiyar jaruma: The Magnificent Ambersons na 1942, Mrs. Parkington na 1944, Johnny Belinda na 1948, da Hush… Hush, Sweet Charlotte na 1964. Ba ta taɓa lashewa ba. Ta samu Golden Globe biyu, da Emmy a 1967.

Talabijin ya janye masu talla da kuɗinsu, wasan rediyo ya yi ta ƙanƙancewa, har Suspense ya rufe ranar 30 ga Satumba, 1962, ranar da da yawa ke ɗauka ƙarshen zamanin. Ita kam ta riga ta tsallaka. A 1961 ta yi wani kashi na The Twilight Zone a matsayin mace ita kaɗai a gidan gona, ba ta furta kalma ko ɗaya ba, sai nishi da ihu da motsin jiki, kuma ta riƙe masu kallo. Daga 1964 zuwa 1972 ta zama Endora, surukar nan mayya a shirin Bewitched. Ya kawo mata kuɗi da suna a duniya, amma ta faɗa wa 'yan jarida ba ta son a san ta da wannan kaɗai.

Batun ciwonta

Ciwon dajin mahaifa ne ya yi ajalinta. Ana yawan danganta shi da fim ɗin The Conqueror na 1956, wanda ta fito a cikinsa, aka kuma ɗauke shi kusa da St. George a jihar Utah, inda iska ke kai ƙurar gwajin makaman nukiliya daga Nevada. A 1980 mujallar People ta ruwaito cewa cikin mutum 220 da suka yi aikin fim ɗin, 91 sun kamu da daji, 46 sun mutu, ciki har da John Wayne da Susan Hayward da darakta Dick Powell. Adadin na da tayar da hankali, sai dai masana sun yi saɓani a kansa, ganin yadda shan taba ya yi yawa a tsakanin 'yan fim na lokacin. Zargi ne mai nauyi da ba a tabbatar ba.

Ranar 6 ga Janairu, 1974, CBS ta farfaɗo da wasan rediyo da sabon shiri, Radio Mystery Theater, kuma Moorehead ce ta jagoranci kashi na farko duk da ciwon da ke cinta. Ta rasu ranar 30 ga Afrilu na wannan shekara a Rochester, jihar Minnesota, tana da shekara 73, aka binne ta a Dayton, Ohio. Shekara 40 bayan haka, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa faifan Sorry, Wrong Number na 1943 cikin jerin sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi. Yana nan a intanet, kuma ko Turancinka bai yi nisa ba, ka neme shi ka saurara.