Amfani da Yumɓu wajen Inganta Turken Lantarki a Ƙasar Fadama Mai Tsami

Duk ginin da aka ja wa lantarki yana buƙatar turken ƙarfe da ake binnewa a ƙasa, domin ya saukar da wutar da ta ɓalle daga waya ko wadda aradu ta kawo. Ingancin turken ya dogara ne da turjiyar ƙasar da ke kewaye da shi. A manyan tashoshin rarraba wuta ana so turjiyar ta tsaya a om 1 ko ƙasa da haka, a ƙanana kuwa kada ta wuce om 5. Idan ta yi yawa, wutar kan bi ta jikin mutum ko ta ƙona na'ura.

A fadamun bakin teku na yankin Neja Delta, danshi ba ya ƙaranci. Matsalar ita ce tsami. Laka a wurin tana ɗauke da ma'adinin fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Da zarar an haƙa ƙasar iska ta shige ta, sai ma'adinin ya haifar da asid, ma'aunin pH ya faɗi ƙasa da 4. Irin wannan ƙasa tana cin turken a hankali, musamman mai rufin tutiya. Tsohuwar dabarar zuba gishiri da gawayi kuwa ba ta ɗorewa a nan, domin ruwa yana wanke gishirin, kafin nan ma ya ƙara wa ƙarfen tsatsa.

Saboda haka ne injiniyoyi ke amfani da bentonait, yumɓun da ya samo asali daga tokar aman wuta. Nau'insa mai sodiyam yana shan ruwa ya kumbura ninki da dama, turjiyarsa kuma ta sauka zuwa kimanin om-mita 2.5. Akan haƙa rami mai faɗi, a tsayar da turken a tsakiya, sannan a cike gefensa da kwaɓaɓɓen yumɓun. Yumɓun yana manne wa ƙarfen ba tare da barin gurbi ba, ya faɗaɗa fuskar da wutar ke fita ta ciki. Bugu da ƙari, ma'auninsa na pH yana tsakanin 8 da 10, don haka yakan zama katanga tsakanin turken da tsamin ƙasa.

Ana samun bentonait a jihohin Barno da Gombe da Edo, sai dai galibinsa mai kalsiyam ne, wanda kumburinsa kaɗan ne. Akan inganta shi da sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa.

Duk da haka, yumɓun na da iyaka. Idan ya bushe sarai yakan tsattsage ya janye daga jikin turken, kuma tsami na iya rage ƙarfinsa bayan shekaru. Shi ya sa ya wajaba a riƙa auna turjiyar turken da rani da damina, ba a ranar kafa shi kaɗai ba.