Ƙarancin jinin masu juna biyu: Matsalar da ke farawa daga gida

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Najeriya na fama da ƙarancin jini. Ga irin wannan mace, zubar jini kaɗan wajen haihuwa na iya zama ajalinta.

Maganin ƙarin jini ba shi da tsada. Tushen matsalar na gida ne: tsadar nama da ƙwai, haihuwa kusa-kusa, zazzaɓin cizon sauro, da jiran izinin maigida kafin zuwa awo.

Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa kiwon lafiya matakin farko kaso na musamman. Duk jami'in da takardar sakin kuɗin ta kwana a teburinsa a Abuja, ya sani akwai mai ciki a ƙauye tana jira.