Danƙon da ke riƙe da batirin wayarka

Daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi kukan ɗaya ne: batiri ba ya riƙe caji. To ga ɗaya daga cikin dalilan.

Ɓangaren da ke ajiye caji a batirin waya garin girafait ne, irin na bakin fensir, an manna shi da danƙo a fallen jan ƙarfe. Duk caji sai garin ya kumbura kusan kashi 10 cikin 100, sannan ya motse. In danƙon ya saki, garin ya ɓanɓare, caji ya ragu. Zafi na ƙara gaggauta lalacewar, don haka ku daina caji a rana.

Kun san ƙaro? Masana sun gwada shi a matsayin danƙon batiri, ya kuma riƙe.

Sai shiri na gaba!